Sukudireba Mai Rami a Baki

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo rediyo gyara sai ya gyara zama a benci ya ce, "Malam Habu, wai da gaske har ƙasar waje ka je saboda sukudireba?" Na faɗa a rumfa, na faɗa a majalisar bayan La'asar, har labarin ya fara dawo mini da ƙarin da ban san shi ba. Jiya wani ya rantse mini cewa a jirgin ruwa na tafi. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi yadda ya faru.

Ni mai gyaran rediyo ne a Gwarzo, amma asalina wani ƙauye ne a ƙasar Durun ta Kabo, kuma can Inna take har yanzu. Shekarun baya wata ƙungiyar agaji ta haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana: farantan sola a sama, tanki a kan ƙarafa, sai wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka a jikin turke, wanda shi ke karɓar wuta ya tura wa injin da ke ƙasa. Masu aikin sun tafi, ofishinsu na Kano ma an rufe. A bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, ruwa ya tsaya cak. Mutane suka koma tonon yashi a rafi, yara suka fara zawo. Inna da ciwon gwiwa, sai abin da maƙwabta suka sam mata a tulu.

Mai gari ya aiko aka kira ni. Na auna farantai, wuta na zuwa. Na auna wayar da ta fita daga akwatin, babu komai. Ciwon yana cikin akwati ke nan. Na ɗauko sukudireba zan buɗe, sai na tsaya ina kallon ikon Allah. Na san noti mai tsaga ɗaya, na san mai kuros wanda muke ce wa sita. Wannan kuwa ramin kansa tauraro ne mai tsini shida, a tsakiyar tauraron kuma an dasa wani ɗan ƙarfe a tsaye kamar ƙaya, duk abin da ka zura sai ya tokare. Ga shi notunan sun ɗan nutse cikin murfin, zarto ba zai kai gare su ba balle ka yi musu tsaga.

Maƙerin garinmu ya zo da guduma da kurfi, har ya sari noti ɗaya kafin in riƙe hannunsa.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai gari, "kayan da ke ciki ba sa son duka. In allon ciki ya tsage, an rabu da ruwan nan har abada."

"To ya za a yi, Habu?"

Na zaga Sabon Gari a Kano rumfa-rumfa, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Kowa sai ya ce sai dai Ikko. Lokacin kuwa aljihu a bushe yake. An rufe gidajen kallo, waɗanda gyaran bidiyonsu ne ke riƙe da ni, ga mai ya yi wuya, kuɗin mota ya hau. Gari ya yi karo-karo aka haɗa mini guzuri. Da yake ba zan iya ɗaukar akwatin in tafi da shi ba, na yanki sabulun wanki na jiƙa ya yi laushi, na danna a kan notin har hotonsa ya fito sarai, na shanya, na sa a gwangwanin madara na rufe.

Ɗan baffana Ɗan'azumi yana rakiyar shanu zuwa kudu, shi ya samar mini wuri a tirela. Wurin kuwa katako ne aka gitta a saman motar, mu a kai, ƙahoni a ƙarƙashinmu. Tun kafin Funtuwa ya ce mini, "Yaya Habu, in gyangyaɗi ya ɗebe ka, ka faɗa gefen hanya ya fi maka sauƙi da ka faɗo ciki." Ban runtsa ba. A ramukan hanyar Birnin Gwari wani bijimi ya durƙushe, sauran suka fara taka shi. Sai na ga Ɗan'azumi ya dira tsakiyarsu mota na tafiya, yana ihu in miƙo hannu in ja wutsiya. Na sunkuya ina ja, ashe wata saniya ta samu ledar guzurina da ke rataye, ta cinye ƙuli-ƙuli da dabino har da ledar. Gwangwanin sabulu dai yana aljihun gaba, na dafe shi da hannu ɗaya kamar mai ciwon ƙirji.

A gadar Jabba na fara ganin kogin Kwara. Na miƙe tsaye a kan katako har sai da aka janyo rigata. Ruwa ne iya ganinka, yana ta wucewa, ba mai tulu a bakinsa, ba mai jira. Na tuna matan garinmu a durƙushe suna kwarfar ruwa da ƙoƙo a ramin yashi, na koma na zauna a kan katakon har Ilori.

A Ogbomosho muka tsaya cin abinci. Aka zubo mini wani tuwo baƙi wuluk da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa ni hawaye. Ina cikin fama da shi sai mai abincin ta ci kwalar direbanmu, ƙato mai gemu, tana zazzaga masa masifa a kan canji, shi kuma yana ba ta haƙuri. Mijinta na gefe yana wanke kwanuka, ko ɗago kai bai yi ba. A jikin masallacin da muka yi salla kuma rumfa ce ta masu giya, sun jera kwalabe a fili, suna yi mana sannu da hanya da fara'arsu. Ni da na baro garin da ko sunan abin ba a faɗa da ƙarfi, na rasa inda zan sa idona.

A Ikko ruwan sama muka tarar, mu da muka baro rana tana ƙona ƙeya. Muka sauka a zangon 'yan raguna. Wurin kwana benci ne a rumfa, ka yi matashi da takalminka. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne bayan gida sai ka biya, ruwan alwala ma sai ka biya. Na ce wa mai buta, "Bawan Allah, salla fa zan yi." Ya ce, "Malam, ni ma saye na yi."

Da safe Ɗan'azumi ya tafi wurin shanunsa, ni kuma na nufi babbar kasuwar kayan wuta da ke hanyar Badagiri. Ban taɓa jin ƙara irin ta wurin ba, kowace rumfa da lasifikarta. Na tsaya gaban wani saurayi mai sayar da kayan aiki, na yi sallama, na buɗe gwangwani na miƙa masa sabulun, na haɗa da ɗan Turancin da nake da shi. Ya dubi sabulu, ya dube ni, sai ya cafki wuyan rigata ya kwarma ihun ɓarawo, "Tif! Tif!"

Kafin in ce wani abu an kewaye ni. Mari ta ko'ina har aka kai ni ƙasa, hulata ta faɗi aka tattake. Wani ya ɗaga sabulun sama yana nuna wa jama'a. Ta tsakanin ƙafafu na hango wani yana garo tayar mota. Na ji labarin abin da ake yi da taya a can. Na fara kalmar shahada da ƙarfi, ba abin da ke raina sai wa zai gaya wa Inna.

Sai na ji murya a kaina, da Hausar Kano tsantsa: "Kai, ɗan ina ne?"

Wani dattijon Ibo ne mai furfura da tumbi, ya ratso mutane ya tsaya a kaina.

"Gwarzo, Oga."

"Daga birni in za ka Gwarzo ta ina ake fita?"

"Kabuga. Sai Janguza, sai Rimin Gado..."

"Ya isa. Sabulun me ye wannan?"

Na gaya masa, bakina na jini. Ya karɓi sabulun ya kai kusa da idonsa, sannan ya juya ya yi wa taron magana da yarensu, da faɗa, yana nuna tauraron. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai tayar ya jinginar da ita ya koma rumfarsa kamar ba a yi komai ba. Wanda ya fara kama ni har ya kaɗe mini hula ya miƙo.

Sunan dattijon Oga Chuku. Ya kai ni shagonsa ya ba ni ruwa na wanke fuska. "Malam," ya ce, "a nan wanda ya zo da hoton ƙarfe a sabulu makullin shagon wani ya ɗauka. Allah ne ya yi da sauran kwananka." Ya jawo wani kwano cike da notuna ya baza a tebur. Ga mai fiffike uku, ga mai ramuka biyu kamar idon maciji, ga wanda yake ɗauruwa amma ba ya kwancewa. Ya ce duk an yi su ne don kada kowa ya buɗe kaya, ko ɓarawo ko mai karambani. Ya ɗauko sukudireba mai bakin tauraro ya gwada a gefen sabuluna. "Ka gani? Tauraro ne, amma bakinsa toshe yake. Naka sai mai rami a tsakiyar baki, inda ƙayar nan za ta shige. Kuma suna da lamba-lamba. In ya yi ƙanƙanta ya cinye haƙoran notin, in ya yi girma ba zai shiga ba." Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ku da aka ce yanzu hannu kuke yankewa, me kuke yi da notin hana sata?"

Na ce ni dai ban ga wanda aka yanke wa ba a wajenmu. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce a Kano ya girma, a can ya yi aure, a can ya binne mahaifinsa. Da aka fara maganar Shari'a matarsa ta daina barci, kullum kayansu a ɗaure, har ya gaji ya sayar da shagon suka taho. "Ba wanda ya taɓa ni, ka ji gaskiya. Tsoro ne kawai. Yarana har yau da Hausa suke faɗa a tsakaninsu, ƙaramar kullum tambayata take yaushe za mu koma gida." Ya aika aka sayo mana tuwon shinkafa a wurin wata Bahaushiya, muka ci a kwano ɗaya.

Irin nawa dai babu a shagonsa, ya tambayi abokansa ma babu. Ya ce in tsallaka iyakar ƙasa zuwa Kwatano, inda jiragen ruwa ke sauke kayan gwanjo na Turai, in nemi wata Madam Selestin a babbar kasuwa. Ya kuma ce in sauka a Zango wurin wani Alhaji Mamman, in ambaci sunansa.

Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce da ƙofa. Da muka sauka daga mota muka bi ayarin mata masu ɗauke da buhunan shinkafa a ka, wani mai kaki ya leƙa jakata, ya buɗe gwangwani ya shinshina sabulun ya mayar mini. Muka ƙetare wata igiya da aka ɗaura a jikin durom. Na yi tafiya kaɗan na tambayi wani Bahaushe mai canjin kuɗi ina iyakar take. Ya ce, "Igiyar da ka tsallake fa?"

Kwatano kuwa garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk da riga ruwan ɗorawa, mata kuma kowacce da nata mashin, da jariri a baya, tana tsala gudu. A bakin titi ga fetur a manyan kwalabe jere, ba layi, ba rigima. Na tambayi ɗan acaɓan da ya ɗauke ni daga ina suke samu, ya nuna bayansa da yatsa, wajen ƙasarmu. Man da muke kwana a layi dominsa a Gwarzo!

Alhaji Mamman mutumin Dogon Dutse ne, ya karɓe ni hannu biyu. Ya ba ni tabarma a ɗakin baƙi tare da wasu fataken goro, aka kawo burodinsu mai tsawo kamar sanda, mai tauri, da wake da manja. Iskar teku ta sa sabuluna ya fara gumi yana laushi a gwangwani, sai na fito da shi na ɗora a bakin taga ya sha iska. Da gari ya waye na dawo daga masallaci, na tarar da wani dattijo Ba'adare cikin fataken a tsugune bakin rijiya yana wanke hularsa, kumfa har gwiwar hannu.

"Baba, ina ka samu sabulu?"

"Ga shi nan a taga, wani bawan Allah ya bari. Yana da kumfa kuwa."

Na karɓa na duba. Sumul, kamar ƙwai. Abin da na sha mari dominsa, na kusa ƙonewa dominsa. Na zauna a ƙasa dirshan. Dattijon ya rikice yana ta cewa zai saya mini sabo, har biyu ma.

Alhaji Mamman ya ce mu je hakanan, shi zai yi mini tafinta. A hanyar cikin kasuwa muka ratsa layin masu kayan tsafi, kawunan birai busassu da hawainiya da mujiya a shimfiɗe kamar tumatir, mutane na ciniki da rana tsaka. Na riƙa jan a'uzubillahi har muka fita. Da na ce sukudireba ba wanda ya gane, ashe a can turnabis suke cewa.

Madam Selestin mace ce ƙatuwa mai tabarau, mun same ta tana narka dalma a cikin wata talabijin da hannunta. Ban taɓa ganin mace a sana'ata ba, na tsaya baki buɗe har sai da Alhaji ya zungure ni. Ya ba ta labari da Faransanci, da ya zo kan sabulu ta yi dariya har da buga cinya. Sannan ta fito da wani ƙunshin fata ta warware. Ga su nan jere, bakin tauraro, kowanne da ɗan raminsa a tsakiya, daga sirara kamar tsinke har masu kauri. Na gane irin, amma wanne ne girman nawa? A ido duk kusan ɗaya suke.

Ta tambaya ko na taɓa notin da hannuna. Na ce na shafe shi ya fi a ƙirga. Sai ta sa aka jawo wasu tsofaffin injuna masu irin notin, ta ce in rufe ido in bi su da ɗan yatsa. Na bi na farko, ya yi faɗi. Na biyu ƙarami. A jikin wata tsohuwar mitar wuta yatsana ya zauna yadda ya saba zama. Ta cire sukudireban da ya dace da shi, ta haɗa mini da na sama da shi da na ƙasa da shi, ta ce yatsa ma yana kuskure.

Na hango wasu masu araha a kwali, masu sheƙi, na nuna. Sai ta ɗauki ɗaya ta sa a noti ta murɗa da ƙarfi, ta nuna mini bakin. Haƙoran sun lanƙwashe kamar alawa. Alhaji ya fassara: "Ta ce wannan in ya gurje maka kan noti, ko wanda ya ƙera akwatin ba zai buɗe shi ba. Ka ɗauki baƙin ƙarfen. Ka ɗiga mai ya jiƙa, ka danna sosai kafin ka murɗa, kuma kada ka bari wani ya taya ka." Na ɗinke su a cikin lalitata na ɗaura a ƙugu.

Na koma Ikko, dawowa gida kuma a tirelar su Ɗan'azumi muka yi, a kan buhunan gishiri, ba ƙaho. Daga Gwarzo ko gida ban shiga ba na hau acaɓa zuwa ƙauye. Na tarar da tabarmi a ƙofar gidan mai gari, mutane zazzaune. Jikarsa ce ta rasu, 'yar shekara uku, zawo da amai, kwana biyu ta yi. Ba ita kaɗai ba ce a kwanakin da na yi a hanya. Na yi ta'aziyya, na duba Inna na same ta da sauƙi, na je na ɗiga wa notunan mai.

Da hantsi gari ya taru a gindin tanki, mai gari a kan kujerarsa. Na sa na tsakiyan, wanda yatsana ya zaɓa. Ya shige, ƙayar ta faɗa raminta, ya zauna daram. Na yi bisimilla na danna na murɗa, noti ya yi ƙara ya saki. Wanda maƙeri ya sara ne ya ba ni wuya, sai da gumi ya jiƙa mini riga, amma ya fito. Na ɗaga murfi.

Ciki tsaf, ko ƙura babu. Allon lafiya lau. Fiyus ne guda ɗaya ya ƙone, ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa, irin wanda nake canzawa a rediyo kullum. A bayan murfin kuma, daga ciki, an manne wata 'yar leda da salatif. Na ɓalle ta na zazzage a tafin hannuna. Sababbin fiyus ne na canji, da wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe. Na juya bakinsa. Tauraro mai tsini shida, da rami a tsakiya.

Masu aikin sun bar mana mabuɗin, sun kulle shi a ciki.

Na sa sabon fiyus. Inji ya yi gurnani a ƙarƙashin ƙasa, can sai muka ji ruwa na zuba a tanki. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka ruga da bokitai. Mai gari bai tashi ba. Ya miƙo hannu na sa masa ɗan ƙarfen, ya daɗe yana juya shi.

"Habu, tun ranar da suka kafa yana ciki?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

Ya share fuskarsa da gefen rawani. "Rufe akwatin. Amma kada ka mayar da notunansu."

Na zazzage jakar aikina a ƙasa, na tsinci notuna masu tsaga ɗaya da zarensu ya dace, irin waɗanda ko da bakin wuƙa mace za ta kwance, na ɗaure murfin da su.